Baba Mai Rediyo da Idon Mijina

Kullum da safe, kafin ya taɓa ko da waya ɗaya, Baba Mai Rediyo sai ya wangale tagogin ɗakin gyaransa da ke cikin gida, ya juya fanka ta fuskanci waje, ya ɗaura tabarau mai rufe har gefen ido. Tina kuwa, ruwan nan mai warin tsiya da suke wanke cikin rediyo da shi, tana saman kantar kaya a kwalbarta, a toshe, nesa da ƙarfen narka dalma. Shekara talatin da bakwai yana haka. Yanzu hannu ya fara rawa, ya ce ya ajiye aiki.

Mijina ma gyara yake yi, katanga ce ta raba mu da Baba, kuma yana cikin masu tsokanarsa: "Baba, tiyata za a yi wa rediyon ne?" Shi tasa tinar a robar ruwan sha yake zubawa, ya huda murfin da allura yana ɗigawa. Rannan hudar ta toshe. Maimakon ya kwance murfin, sai bawan Allah ya juyo robar yana leƙawa, ya matsa ta, tinar ta feso masa cikin idon dama.

Ihunsa har yau yana kunnena. Surukata na cewa a ɗiga madara, ni na rarumo tsumma. Sai ga Baba, ko takalmi babu.

"Ajiye tsumman nan, 'yata! Kada ya murza!"

Ya ja shi bakin famfo, ya buɗe masa fatar ido da yatsu, ruwa na kwarara. Mijina, ƙato guda, yana fizge-fizge yana "Baba ya isa!" Ina! Tsohon nan bai sake shi ba sai bayan minti ashirin cur, sannan ya ce a tafi asibiti da robar a hannu. Likita ya ce da ba a wanke nan take ba, da idon dama ya tafi.

Baba, kai ne gwanin da bai iya gori ba. Har yau ba ka ce masa "ai na faɗa maka" ba, tabarau kawai ka aiko masa washegari.

Masu gyara, don Allah ku kare idanunku, ku yi koyi da Baba tun yana raye. Ni dai na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Wata uku bayan nan na haihu, mijina ya ga 'yarsa da ido biyu.