Shekarar da Toka Ta Daina Kama Ɓera

Wata safiyar kaka ce, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ana zuba dammunan hatsi a rumbunmu na Matameye. Baba yana kan bakin rumbu, ni da ƙannena muna miƙa masa, ƙaiƙayi ya cika mana wuya. Sai ga wani ƙaton ɓera ya fito daga ƙarƙashin dami, ya bi ta kan ƙafafun Toka, magen kakata, wadda take kwance tana shan hantsi. Ta ɗaga kai ta bi shi da kallo har ya shige ramin katanga, sannan ta mayar da kanta ƙasa. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kaka kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

Toka ta girme ni a gidan. Don launinta aka sa mata sunan, kuma tun ina rarrafe ita ce mai gadin rumbu. Ko daga Dungu 'yan'uwa kan zo neman 'ya'yanta, don an san zuriyarta ba ta barin ɓera ya kwana. In na dawo daga rijiya da tulu, tana bakin zaure tana jirana. In muna 'yar carafke a tsakar gida, ita ce mai sace mana tsakuwa ɗaya ta gudu da ita bayan turmi. Amma daga wannan kakar komai nata ya canza. Ta daina lasar jikinta, gashinta ya dunƙule kamar tsohuwar tabarma. A ba ta tuwo ta ci, kafin a wanke ƙwarya ta dawo tana kukan yunwa kamar ba ta ga komai ba. Wani lokacin ta shiga lungu tsakanin randa da bango ta tsaya tana kallon bangon tana kuka, ta kasa juyowa, sai an ɗauko ta. Maƙwabta suka fara cewa mage mai ƙura wa bango ido tana kuka wani abu take gani, gara a rabu da ita tun da wuri.

Baba bai kula da wannan zance ba, sai ranar da ta yi fitsari a kan buzun sallarsa. Tab, ranar ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Saura kwana biyu ya tafi cin rani Kano, ya ce ba zai bar gida da najasa ba. Ya sa aka kawo buhu, ya saka ta da kansa, ya ce in kai ta can bayan gonaki ta hanyar Kurni in sake ta, kamar yadda ake yi wa magen da aka gaji da ita. Na ɗauki buhun, ba shi da nauyin ko tiya ɗaya ta gero. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ta ko motsa a ciki ba.

A zaure na tarar da Kaka zaune tana kaɗi. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce in ajiye, in kira mata ɗanta. Da Baba ya zo ya durƙusa, sai ta ce, "Ba iskanci ba ne, ba kuma aljanu ba ne, tsufa ne. Jiya ni ma sai da na tambayi yarinyar nan sau uku ko na yi la'asar. In don mantuwa ake kai mutum daji, ka ajiye buhun, zai yi maka amfani nan gaba." Baba ya daɗe kansa a ƙasa. Shi ya kwance bakin buhun da hannunsa, ya tafi ya wanke buzunsa.

Daga ranar aikin Toka ya dawo kaina. Kafin in tafi lakwal ina jiƙa mata tuwo da nono don haƙoranta sun ƙare, in canza yashin kaskon da muka ajiye mata a ƙofar ɗakin Kaka, in goge mata jiki da tsumma. Ba ta ƙara gane sunanta ba, amma in ta ji hannuna takan lumshe ido. Ta mutu a tsakiyar rani, Baba bai dawo ba, muka binne ta a bayan rumbu.

Yanzu ina Damagaram, a gidan siminti, ba rumbu ba zaure, ɓera ma magani ake sa masa. Kaka ta yi shekara shida bayan mutuwar Toka, a ƙarshe da sunan mahaifiyata take kirana, kuma Baba ya bar cin rani ya zauna da ita har ta rasu. Akwai abin da ban taɓa faɗa mata ba: kafin ranar buhun, sau biyu na zane Toka da kara don ta ɓata mini tabarma, ina cewa da gangan take yi. Allah ya jiƙan Kaka. Har yau in na tuna karan nan, kunya nake ji.