Taku Arba'in na Malam Mordecai

Shekara talatin da ɗaya Malam Mordecai ya yi yana koyar da lissafi a wata firamare a Samaru, ba a taɓa ganin yatsun ƙafarsa a waje ba. Takalmansa uku ne, duk sau-ciki, duk lamba arba'in da uku: baƙi mai igiya na shiga aji, ja mara igiya na yawon yamma, sai wani mai tsinin baki na ranar Lahadi. Duk Asabar yakan jera su a bakin ƙofa, ya ba kowanne minti goma da buroshi. Ɗalibansa sun haddace maganarsa, wai namiji daga ƙasa ake fara karanta shi.

Bayan ya yi ritaya sai ciwon suga ya sauka a ƙafarsa ta dama. Ta kumbura, gyambo ya buɗe a babban yatsa, likita a asibitin Shika ya ce a manta da matsattsen takalmi. Ga shi saura kwana goma sha biyu auren autarsa Christabel, kuma shi zai riƙo hannunta daga ƙofar coci zuwa gaban fasto. Taku arba'in ne, ya sha ƙirgawa.

"Da silifas zan kai 'yata, kamar mai zuwa wanka?"

"Wa zai kalli ƙafarka, Malam? Amarya za a kalla," in ji matarsa Tabitha.

"Ni zan kalla."

Tun da ba zai iya zagaya kasuwa ba, Tabitha ta yi abin da uwarta ke yi musu in Kirsimeti ta matso. Ta zaro tsinken tsintsiya, ta gwada a tafin ƙafarsa, ta karya daidai, ta hau bas zuwa Sabon Gari. A rumfa ta bakwai, wajen Tochi mai takalman gwanjo, tsinken ya kwanta cif a cikin wani baƙin takalmi. Ta kawo gida da murna. Ko yatsu ba su wuce ba. Tsinke tsawo ya sani, bai san kumburi ba.

Washegari da sassafe ta zagaye ƙafar da zare, ta ƙulla, ta koma. Tochi ya ɗaga zaren yana dariya.

"Mama, ƙafar Oga kika auna ko doya?"

"Ɗana, duba mini kawai."

Ya zazzage buhu biyu kafin ya samo lamba arba'in da biyar. Kafin ta iso gida da la'asar, ƙafar ta ƙara tashi, ta bar zaren a baya. Zuwa na uku ta dawo da arba'in da bakwai, mai faɗin baki kamar kwalekwale. Ƙafar dama ta shiga. Takalmin hagu kuwa sai da aka cusa masa jarida shafi huɗu. Malam ya goge su har yana ganin fuskarsa, ya gwada taku goma a tsakar gida, ya ce ya isa.

Ranar Asabar ƙarfe tara ya sa takalmi, an ce goma za a fara. Motar dangin ango ta lalace a hanya. Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce, yana zaune a benci a bakin coci, gumi na bin wuyansa. Ya sassauta igiya, ya zare ta gaba ɗaya. Ƙarfe ɗaya saura kwata ya cire na daman, wai ƙafar ta sha iska minti biyar.

A cikin minti biyar ɗin motar ta iso.

Ya tura ƙafar cikin takalmin, Tabitha ta durƙusa da sabon zaninta ta ja, suka gwada da bayan cokali. Jini ya ɓullo ta bandeji. Mawaƙa sun riga sun fara. Christabel na tsaye a kansu cikin farar riga.

"Baba, don Allah bar shi haka, mu shiga."

Tabitha ta buɗe jakarta ta fito da silifas. Tun safe suke ciki, ba ta faɗa masa ba. Ya dube su, ya dube ta, sannan ya miƙa ƙafar.

Haka ya shiga, hagu na ƙyalli, dama na jan silifas a siminti, idonsa a ƙasa. Taku hamsin da takwas ya yi. Tabitha ta zauna a layin gaba da takalmi ɗaya a cinyarta, ta rufe shi da mayafi.