Takardar Zakari a Hannun Idrisa

Shekara ashirin da biyu Idrisa ya yi yana gadin wani depo na ajiyar magunguna a unguwar Banifandou cikin Yamai, kuma duk shekarun nan Zakari ake kiransa a wurin aiki. Ni maƙwabcinsa ne a unguwar Kirkissoye, na san dalili. Lokacin da ya baro ƙauyensu na jihar Tahoua neman aiki, ba shi da takardar haihuwa. Wansa Zakari yana da ita, shi kuwa manomi ne. Uwarsu ta ciro ta daga ƙasan akwati ta ce ai uwa ɗaya uba ɗaya, wa zai bambanta? Rabin ƙauyen haka suke yi.

Da ita ya yi katin ɗan ƙasa, da ita kamfanin gadi ya ɗauke shi. Kulki da usur ne makamansa. Ga shi da kafiya, ko direban da ya sani shekara goma sai ya buɗe masa bayan mota. Direbobi suka laƙa masa Komisar, wato babban ɗan sanda, don tsiya, shi kuwa daɗi yake ji.

Bara masu depo suka ce sun gaji da mai kulki, mai bindiga suke so. Shef, wato shugaban kamfanin gadin, ya tara masu gadi ya karanto sharuɗɗan izinin riƙe bindiga: horo, takardar likita, da kasiye, wato takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba. Wanda bai samu izini ba, ba shi da gurbi. Idrisa ya dawo gida da fara'a, yana ce wa matarsa Zalika shi da ko akuya ba ta taɓa kai shi gaban alƙali ba.

Da kasiye ya iso daga Tahoua, sai ga wata takwas na kaso a ciki. Zakarin ainihi ne ya fasa kan wani a rikicin iyakar gona. Idrisa ya san da zancen, har ziyara ya kai masa, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa ɗaurin zai biyo takarda ba.

"Baba Zakari, ka yi kaso ka ɓoye mana?" in ji shef.

"Wallahi shef, wana ne."

"To kai wane ne?"

Ya faɗa masa komai. Shef ya ce ya je ya yo tasa takardar. Wata huɗu yana kai da komo tsakanin Yamai da Tahoua, yana jan tsofaffin ƙauye zuwa kotu su yi shaida an haife shi. Abin ya ba ni haushi, ya ba ni tausayi. Ya dawo ya rame, da takarda mai sunan Idrisa, shekara arba'in da tara.

Shef ya duba, ya ce kamfani ba ya tura sabon ɗauka da ya haura arba'in da biyar zuwa horon bindiga, sai tsohon ma'aikaci.

"Shef, shekara ashirin da biyu fa ina ƙofar nan."

"Na sani, Baba. Amma in na rubuta kai ne Zakari, jandarma za su tuhume ka da takardar jabu, su haɗa da ni." Ya miƙo masa takardarsa ba tare da ya ɗago kai ba. "Idrisa kuma bai taɓa yi mana aiki ba, ko na yini ɗaya."