Kwandon Donna Fortuna

Kowa a unguwarmu ta Napoli ya san Donna Fortuna da kwandon da take zurowa daga bene a saka mata burodi. Ta daina saukowa tun da harsashin 'yan daba ya kashe 'yarta Nunzia a bakin ƙofa. Da aka bindige Totore, wanda ya harbe ta, abokansa suka gina masa wurin tunawa, da hoto da kyandirori, daidai tagarta.

Ranar da 'yan sanda suka kwashe 'yan daban, suka zo rushe ginin, sai ga kwando yana saukowa, gudumar marigayi mijinta a ciki.

"Ɗan nan," ta ce wa ɗan sandan, "fasa komai, amma bar mini fuskar. Ga ni nan saukowa."