Rigar da Maigidana Ya Shiga Majalisa da Ita

Maigidana malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Faskari, siriri kamar sillen kara, ba shi da komai sai keke da baki. Bakin ne ya ja mana. A shekarun da kuɗin mai ke malala, soja suka ce za su sauka, mutanen ƙauye suka ce ai Malam ya iya magana, shi za a tura majalisar jiha a Kaduna.

Baki kuwa ba ya sayen gishiri da sabulun rabo. Sai wani Alhaji dilan taki a Yankara ya ɗauki nauyin komai: gishirin, sabulun, makaɗa, mota da direba. Har babbar rigarsa da hula da takalma ya ara masa, wai ɗan takara ba ya yawo da 'yar shara. Alhaji ƙato ne. Ranar da Malam ya sa rigar na yi dariya har na zauna a ƙasa, don kai kawai ake gani yana tafiya a saman shadda. Ni na kama ta da zare ta ciki. A haka ya zaga ƙauyuka yana jan ta, kuma ya ci zaɓe.

Damina na ƙaratowa manoman ƙauyenmu suka zo gida, babana a gabansu. Takin da gwamnati ke aikowa da rahusa, a siton Alhaji yake sauka, daga nan ya fito da tsadar da talaka ba ya iyawa. Babana ya ce, "Malam, gonata ta gaji. In ban samu taki bana ba, babu masara. Kai muka tura, kai za ka faɗa masu."

Malam ya bugi ƙirji, ko dai inda ƙirjin yake a cikin rigar, ya ce zai faɗa.

Maganar ta kai kunnen Alhaji kafin a sha furar la'asar. Washegari direba ya tafi da mota, wai za a kai amarya garin Sabuwa. Aka aiko karɓar hula, aka aiko karɓar takalma. Da ɗan aike ya zo karɓar riga na ce masa ba a mai da kayan aro da datti, tana wurin masu bugu a Kankara. Alhali tana ƙarƙashin katifata. Na yi ƙaryar nan da zuciya ɗaya, don ubana ne a ciki.

Malam ya hau motar haya da riga a ƙunshe. Mu kuma muka kewaye rediyo a ƙofar gidan babana ranar da za a sa zaman majalisa.

Abin da ba mu gani ba, Malam ne ya ba ni labari daga baya. Da aka ba shi izini ya miƙe, sai ya hango Alhaji a benen 'yan kallo. Alhaji kuwa rigar tasa kawai yake kallo, daga wuya har ƙasa. Malam ya naɗe hannun dama ya aza a kafaɗa, ya zamo. Ya naɗe na hagu, na dama ya sake zamowa. Mu a rediyo ba ma jin komai sai ƙarar shadda. Can ya yi gyaran murya, ya gode wa gwamnati bisa wadata manoma da taki, ya gode wa dilolin da ke wahalar kawo shi, ya zauna.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Babana ya kashe rediyo, ya daɗe yana kallon hanyar gona. Sannan ya ce mini, "Ɗiyata, ki gaya ma mijinki, in ya gama da rigar ga ya aiko mani. Dawa zan shuka bana, tunda ita tana haƙuri. In sa ma mutum-mutumi rigar, shi ko tsuntsu ya kora."