Saiwar Mangwaron Bashi Kangwa

Duk baƙon da ya zo gidanmu a Kabwe, kafin ya kurɓi munkoyon da aka kawo masa, wato kunun zaƙinmu na masara, sai ya yaba filin da ke bayan ɗakunanmu. Bulon intalok ne ja da toka-toka, shimfiɗe sumul tun daga ƙofar kicin har jikin shinge. Nakan ce na gode, in yi maza in sako zancen ƙwallo. Ni na shimfiɗa shi da hannuna, kuma a duk abin da na aikata a duniya babu wanda nake jin kunyarsa kamar wannan.

Gidan ba nawa ba ne, na surukina ne, Lazarous Chipasha, wanda duk unguwa ke kira Bashi Kangwa, ma'ana baban Kangwa, saboda 'yarsa ta fari, wato matata. Daga Mpika ya zo yana saurayi, ya shekara talatin da huɗu yana bin layin dogo a ƙasa da doguwar guduma a kafaɗa. Aikinsa shi ne ya ƙwanƙwasa ƙarfe ya saurara. In katakon da ke ƙarƙashi ya ruɓe ko tsakuwa ta zaizaye, kunnensa ke gaya masa kafin idon injiniya ya gani. Bai daɗe da ajiye aiki ba matarsa ta rasu, idanunsa kuma suka fara tafiya, na hagu tukuna sannan na dama. Shi ya sa da muka yi aure ni na tare a gidan, kamar yadda kakanninmu suke yi.

Shekara tara muna gida ɗaya, amma maganar da ta taɓa haɗa mu kai tsaye ba ta wuce gaisuwa ba. Suruki ne. In na tarar da shi a falo sai in rusuna in tafa hannu, in sulale. In ina da magana in gaya wa Kangwa, in yana da ita ya gaya wa Kangwa, ko da kuwa taku biyu ne tsakaninmu. Ita takan ce ta gaji da zama gidan waya ba albashi. Ni kuwa gani nake ladabi nake zubawa, har alfahari nake yi wa abokaina da shi.

Bai taɓa yarda ya riƙe sanda ba. Da gari ya waye zai fito ta ƙofar kicin ba takalmi, da gwangwanin dusa a hannu. Taku biyu akwai ɗan kwari inda ruwan kwano yake zuba. Daga nan wata 'yar hanya ce da ƙafarsa ta tattake ta yi tauri kamar daɓe, gefenta ciyawa. A taku na bakwai saiwar mangwaro ta gitta, sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ya karkata hagu zuwa famfo, inda wani faffaɗan dutse mai sanyi yake. Gaba kaɗan ƙasa ta yi laushi saboda tokar da ake zubarwa, nan akurkin kajinsa yake, banɗaki kuma yana bayansa. Da sauri yake wannan zagayen, har baƙo bai cika gane cewa ba ya gani ba. Duk wannan daga baya na san shi. A lokacin abin da nake gani a filin kawai shi ne ƙura da rani, caɓi da damina.

Gaskiyar magana, a gidan wani abokin aikina na ga intalok da kujerun roba da wurin gasa nama, raina ya biya. Ni malamin lissafi ne a sakandare, kuma ina da cutar nan ta ganin babu abin da zai gagare ni muddin auna shi ake yi. Sai aka yi dace a watan Fabrairu tsohon ya zame a taɓo kusa da famfo, ya ɗan kurje gwiwa. Na ce aka yi dace domin haka zuciyata ta ɗauki abin, Allah ya yafe mini. Na riƙe wannan kurjewar na yi ta nanata wa Kangwa ita, har ta yarda cewa don lafiyar Baba za a yi. Ta gaya masa za a gyara fili. Ya ce to. Ni ban tambaye shi komai ba.

Da aka ba mu hutun Agusta na sa aka juye mini yashi da tsakuwa da bulo a ƙofar gida. Na ce ba zan ɗauki magini ba. Na haƙe filin gaba ɗaya zurfin taƙi guda, na mirgine dutsen famfo na jefar bayan shinge. Saiwar mangwaron nan ta tsaya mini a hanya, na ɗauko gatari na sare ta, har ina zaginta don ta ci mini rabin yini. Na cika gwangwanin fenti da siminti na kafa masa sanda, da shi na daddaɓe tsakuwa, na baza yashi, na ja igiya, na fara jera bulo ina buga su da gudumar roba. A kwanakin nan Kangwa ke zagayawa da shi ta gefe, shi kuwa sauran yini yana zaune a bakin ƙofar kicin, kansa a karkace yana saurare.

Ran kwana na uku da fara jeri na ji ya ce, “Kangwa, gaya wa malam bulo na huɗu daga bango a kan iska yake zaune.”

Raina ya ɗan sosu. Na ɗora ma'aunina mai ɗigon ruwa, ɗigon ya tsaya cif a tsakiya. Na yi murmushi na taka bulon, sai ya girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Kafin rana ta yi tsaka ya sake aiko saƙo sau biyu, kuma duk biyun shi ke da gaskiya. A na huɗu na ajiye guduma, na yi abin da ban taɓa yi ba.

“Baba, ko za ka taɓa mini layin nan ka ji?”

Kangwa ta leƙo daga kicin da muciya a hannu, baki buɗe. Shi kuwa ya naɗe ƙafar wando kamar dama jira yake, ya durƙusa, ya shimfiɗa tafukansa a kan bulon. Yatsunsa suka bi gaɓa-gaɓa, inda ya ɗara ko da kaurin ashana ne sai sun tsaya. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi gudumar.

Kwana tara muka yi muna aikin tare. Ni in jera, shi ya bi baya yana shafawa yana ƙwanƙwasawa, ya ce cire wannan, ƙara yashi a can. Bakinsa kuma ashe ba dama. “Malam, haka kake koya wa 'ya'yan mutane lissafin? To Allah ya jiƙan ƙasar nan.” Ya ba ni labarin ranar da giwa ta kwanta musu a kan layi, da wani shugabansu da ke tsoron tsaka. Da rana Kangwa ta ajiye mana nshima da kapenta, wato tuwon masara da ƙananan kifi, a faranti ɗaya, abin da a da ko a mafarki ba za a yi ba, tana cewa ita dai an sallame ta daga gidan waya. Ban taɓa jin dariyarsa da ƙarfi ba sai a kwanakin nan. Ranar da muka share yashi na ƙarshe cikin gaɓoɓin, ya bi filin da tafin hannu daga bango zuwa shinge, ya ce ko jirgin fasinja aka ɗora a kai ba zai girgiza ba. Kaina ya kumbura.

Washegari da safe ina aske gemu a jikin taga na ga ya fito da gwangwanin dusarsa. Ya yi taku biyu ya tsaya. Ya miƙa ƙafar dama yana shafa ƙasa, gaba, gefe, ya sake shafawa. Ko'ina iri ɗaya ne, mu muka tabbatar da haka. Ya ci gaba a hankali, ya kauce dama bai sani ba, ya je ya yi karo da turken igiyar shanya, dusa ta watse. Ya juya, ya sake juyawa. Yana jin kukan kajinsa, amma ƙafar da ta saba yi masa jagora ta rasa abin kamawa. Ya daɗe tsaye a tsakiyar fili, sannan ya kira sunan 'yarsa ƙasa-ƙasa, ya ce ta zo ta kai shi banɗaki. Shekara goma sha ɗaya da makancewarsa bai taɓa furta wannan ba. Ni kuwa, maimakon in fita, sai na saki labule na koma da baya da kumfa a fuska.

Na ce da kaina zai saba. Bai saba ba. Ya gwada bin shinge da hannu, ya ji maƙwabciya ta ce masa sannu cikin muryar tausayi, bai sake ba. Na ɗaura igiya daga kicin zuwa akurki, ya taɓa ta sau ɗaya ya ce shi ba akuya ba ne. Da zafin Oktoba ya zo bulon ya riƙa ƙuna, ya fara sa takalmi. Kajin suka koma hannun Kangwa. Ya rage shan ruwa da rana don kada ya yawaita kiran mutane, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Wata Asabar na same shi a bakin ƙofar kicin, na durƙusa a gefensa. Ban nemi Kangwa ba.

“Baba, dama ka san haka za ta faru?”

“Tun ranar da na ji gatari a kan saiwar mangwaro.”

“To me ya hana ka magana?”

“Wa ya tambaye ni?” Ya ɗan yi dariya, ba ta jin haushi ba. “Kuma da ka zo ka tambaya, wani abu daban ka tambaya. Malam, shekara goma sha ɗaya ana ce mini zauna, huta, bari a kawo maka. Kai ne mutum na farko da ya ce mini taɓa ka ji. Sai in ce maka me? Ka bari?”

Na ce masa gobe zan ɓamɓare layi guda daga kicin har akurki, in zuba ƙasa, in nemo dutsen nan in mayar. Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce hanyar da ƙafa ta shekara goma tana yi ba da shebur ake dawo da ita ba, kuma shi a rayuwarsa bai taɓa gama aiki mai kyau wani ya zo ya ɓata masa ba. Ya ce in na taɓa bulo ɗaya a filin nan, mun koma magana ta gidan waya.

Shi ke nan filin ya zauna yadda yake. Kujerun robar na saya, suna jibge a lungu, ban taɓa gasa nama a wurin ba. In baƙi suka yaba, shi ke fara amsawa, ya ce ni da surukina muka yi, ku taka ku ji ko akwai inda ya motsa.

Yanzu kullum da safe kafin in tafi makaranta ni nake fita da shi. Na roƙi Kangwa ta bar mini wannan. Yana riƙe da gwiwar hannuna, ni ina riƙe da gwangwanin dusa, muna tafe yana tsokanata a kan lissafi. In muka kai taku na bakwai sai in ji hannunsa ya ɗan yi nauyi a nawa, ya ɗaga ƙafar dama sama ya tsallake saiwar da na sare.