Hawainiyar da Na Sace wa Mahaifina

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi naku, ina ganin yadda mutane suke amayar da abin da ke cin su a rai. Nawa kuwa na sha ɗaukar biro in ajiye, don duk wanda ya ji cewa a kan hawainiya ne, dariya zai fara yi. Amma shekaru sun shuɗe, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina roƙon a sakaya sunana.

A lokacin ina da shekara ashirin da tara, ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Kazaure. Kullum da safe nakan hau babur daga ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Roni, in dawo bayan la'asar. Ni ne na farko da ya yi karatu mai zurfi a gidanmu, kuma ina ji da hakan fiye da kima. Ba na fita sai da guga a jikin rigata, ba abin da nake tsoro kamar a ce an gan ni a rana. Ga shi ina neman auren wata yarinya 'yar babban gida a cikin Kazaure, gidan da suke da alaƙa da sarauta, don haka kullum ina cikin taka-tsantsan kada su ji wani abin ƙi game da danginmu.

Mahaifina manomi ne, irin wanda asuba ba ta same shi a gida. Shekara guda kafin wannan abu hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan an sallame mu daga asibiti yana iya tafiya da sanda yana jan ƙafa, maganarsa ta yi nauyi, hannun kuwa sai ya saki. Likita ya ce lallai ya riƙa motsa shi, amma Baba ya ƙi. Ya koma zama a soro, fuska ga bango, sai ya yini bai ce uffan ba. Inna ta yi lallashi har ta gaji. Mutumin da muka sani da ba'a da yawan labari ya zama kamar baƙo a gidansa.

Gab da faɗuwar damina na ɗauki 'yan ƙwadago su yi mana sharar gona. Ranar da za a ƙone kararen, ban san abin da ya taɓa shi ba, Baba ya ce in kai shi ya gani. Na goya shi a babur, na zaunar da shi a gindin wata ƙirya. Wuta tana ci sai ga hawainiya ta fito daga cikin hayaƙi, tana tafiyar nan tata ta ɗaga ƙafa a ajiye, ta yi baƙi ƙirin, ƙafarta ta baya da gefen cikinta sun ƙone. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ɗaga ƙota zai maka mata. Sai muka ji tsawa: "Kai! Bar ta!" Duk muka waiwaya. Wata da watanni ban ji muryar Baba ta fito haka ba. Ya ja jiki da kansa, ya cire hularsa da hannun hagu, ya tura ta ciki a hankali.

Tun daga ranar gidanmu ya canza. Ya sa Inna ta ba shi wani tsohon kwando mai ramuka, ya zuba rassan zogale, ya rataye shi a inuwa inda rana take ɗan leƙowa da hantsi. Safe da yamma yana shafa mata man kaɗanya a ƙunar da gashin kaza. Ya ajiye mata ruwa a murfin kwalba ta ƙi sha, har ya gano cewa sai an yayyafa a ganye take lasa, sai ya riƙa yayyafawa da buta. Abinci kuwa ba ta kallon abin da ya mutu, sai mai motsi. Wannan ne ya fitar da Baba daga soro. Ya riƙa zagaya bayan gida da sandarsa yana farautar fara, da ruwan farko ya sauka kuma ya tara mata shinge a gwangwani. Da yake hannu ɗaya ba ya iya riƙe kwando ya kuma miƙa fara, sai ya fara tilasta wa hannun daman riƙe tsinke. Abin da likita ya kasa sa shi, hawainiya ta sa shi. Bayan mako uku ta yi saɓa, launinta ya fara komawa kore, kuma ranar da ta fara harba harshenta ta cafke fara da kanta, na ji Baba yana dariya har da tari.

Ni da nake koyar da kimiyya na fi kowa sanin cewa wannan halitta ba ta da dafi, ba ta sa kuturta, ba ta da wani asiri. Na taɓa zana ta a allo ina yi wa ɗalibai bayani. Amma da magana ta fara yawo a gari, duk ilimin nan ya gudu. Wasu suka ce tsoho ya ruɗe, ciwon ya taɓa masa kai. Wasu suka ce wani boka ne ya ba shi, wai in ta warke shi ma zai warke. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shigowa gidanmu. A majalisa abokaina suka fara tambayata ya mai jego, ana ƙyaƙyatawa, ni ma ina yaƙe. Ana cikin haka aka aiko cewa kawun yarinyar da nake nema zai zo ya gaida Baba ya ga gida. Na kwana biyu ina juya abin. Na riƙa hango dattijon nan da babbar rigarsa yana shigowa, ya tarar da surukinsu a tsakar gida yana hira da hawainiya.

Ban yi wa Baba magana ba, don na san ba zai yarda ba, kuma ba ni da hujjar da zan iya faɗa a gabansa. Wata safiya yana banɗaki, Inna tana madafa, na buɗe kwandon na kama ta na jefa a leda, na bar murfin a karkace. Da a jeji na sake ta da laifin ya zo da sauƙi. Amma na ji tsoron kada a tsince ta a dawo masa da ita, sai na wuce da ita kasuwar Kazaure, na miƙa wa wani mai sayar da magungunan gargajiya, irin masu baza fatu da ƙasusuwa a kan buhu. Na ga busassun 'yan'uwanta a gabansa, na san sarai abin da zai same ta. Na juya na tafi aji na koyar kamar ba abin da ya faru.

Da na dawo na tarar da gidan a hargitse. An ɗaga tabarmi, an jawo tukwane, Baba ya yi gumi sharkaf. Ya tambaye ni ko na gan ta da zan fita. Na dubi idon mahaifina na ce ban gan ta ba, wataƙila ta warke ne ta kama gabanta. Ya girgiza kai, ya ce ƙafar ba ta gama ƙwari ba, ba za ta yi nisa ba, kaji ko shaho za su same ta. Kwana uku yana nema. A rana ta uku ya leƙa ƙarƙashin rumbu, sandar ta zame, ya faɗi, goshinsa ya fashe. Ina wanke masa jinin, sai ya sa hannun hagu ya ɗaga hannun nan na dama, ya dube shi, ya ce hannun ne ya ci amanarsa, shi ne bai rufe kwandon da kyau ba. Ya ce mutumin da ba zai iya tsare hawainiya ba, me ya rage masa. Daga nan ya koma soro, ya juya fuska ga bango.

Washegari ban shiga aji ba, kasuwa na nufa, ina addu'a a hanya duk da na san ban cancanci a amsa mini ba. Allah ya sa mai maganin bai kashe ta ba, wai akwai wanda ya ce yana son mai rai, shi yake jira. Ya zaro ta daga wani gwangwani, an ɗaure ta da zare a ƙugu. Kwana huɗu ba ci ba sha. Ta koma baƙa, idanunta sun faɗa, ƙunar da ta kusa rufewa ta sake buɗewa. Mutumin ya ba ni ita ba gardama, sai dai ya tambaye ni wane ne ya yi jinyar ciwon nan tun farko, don shi bai taɓa ganin wanda ya yi wa hawainiya magani ba.

Na sami Baba a soro, na durƙusa, na ajiye ta a gabansa, na faɗi komai. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandar ya buga mini. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce in kwance zaren a hankali, tunda ni hannuna biyu ne. Ya ce in ɗebo ruwa in riƙa ɗiga mata a baki da tsinke. Ina ɗigawa, sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba: "Malam, ba hawainiya ka ji wa kunya ba. Ni ka ji wa." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi, don gaskiya ya faɗa.

Tun daga ranar jinyar ta dawo hannuna, shi yana zaune yana ba da umarni. Kwana biyar ba ta karɓi komai ba sai ruwa. Na koyi kama fara da rigar aikina, na koyi buɗe mata baki ba tare da na ji mata ciwo ba, na koyi haƙurin tsayawa rabin sa'a ina jiran ta yanke shawarar ɗaga ƙafa ɗaya. Ana cikin haka kawun yarinyar ya zo. Baba da kansa ya kai shi gaban kwandon. Dattijon ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya ce masha Allah, wanda ya ji ƙan wannan ba zai wulaƙanta 'yar mutane ba. Abin da na zubar da mutuncina don in ɓoye ke nan. Ina tsaye a gefe na rasa inda zan sa fuskata.

Ta rayu, sai dai ƙafar ba ta koma daidai ba. Da rama ta yi tsayi muka kai ta gona, Baba ya ɗora ta a reshe da hannunsa na dama, muka tsaya har ta ɓace a cikin ganye. Ya yafe mini, ya faɗa da bakinsa ba sau ɗaya ba. Amma ƙarfin da ya fara samu kafin faɗuwar nan bai dawo duka ba, kuma tabon goshin yana nan har ranar da muka yi masa sutura bayan shekara biyu. Ni na yi masa wanka. Da hannuna ya kai kan tabon sai da aka riƙe ni.

Abin da na koya shi ne, tsoron bakin mutane yana iya sa mai ilimi ya aikata abin da jahili zai ji nauyin yi. Mutanen da na ji tsoron dariyarsu sun manta da zancen tun kafin kaka, ni kuwa ina ɗauke da shi har yau. Ina kira ga duk wanda yake da tsoho ko majinyaci a gida: in ka ga ya kama wani abu da ke sa shi tashi da safe, komai ƙanƙantarsa, komai yadda ya zama abin dariya a idon jama'a, kada ka raba shi da shi. Ba ka san me yake riƙe da ransa ba. In kuma ka ga dole ne, to ka je ka faɗa masa ido da ido, kada ka bi ta bayansa sannan ka bar shi yana zargin kansa. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi wa mahaifina addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.